Ranar da Na Fuskantar da Akuyar Inna Alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen unguwarmu ta Mansur sun ɗauki alkawarin tuna mini.

Lokacin ina shekara ta biyu a matsayin nas a wani asibitin dabbobi da ke unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, ba nisa da Harami. Shugabanmu, Likita Usman, ɗan Hausawan Sudan ne, mutum marar yawan magana. Ya kira mu ni da abokin aikina Abdullahi ya ce lokaci ya yi da kowa zai san ɓangarensa: ko magani, wato allura, ƙarin ruwa da jinyar dabbobin da aka kwantar, ko kuma tiyata. Gurbi ɗaya ne a ɗakin tiyata, kuma dukkanmu shi muke so.

Ni kam ban ga abin gasa ba. Babana mahauci ne, kakana ma haka, kuma tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake bin su aikin hadaya duk lokacin Hajji. Ragunan da na danne aka yanka sun fi gaban lissafi. Abdullahi kuwa ranar farko da ya ga an farka cikin kyanwa sai da ya fita waje ya sha iska. Na sa shi gaba da tsiya, ina kiransa mai lallashin kyanwa. Har a gida na cika baki cewa an gama magana (mahaifiyata ma ta riga ta sanar da maƙwabta cewa ɗanta ya zama likitan tiyata, ni kuma ban ga dalilin gyara mata ba).

Likita ya ce zai gwada kowa sau ɗaya. Nawa gwajin ya faɗo kan akuyar Inna Hauwa, wata dattijuwa mai sayar da fura a unguwarmu. Akuyar ta cika cikinta da ledoji, ta daina cin abinci, sai an buɗe tumbinta an kwashe su. Inna ba ta ɗauki akuyar nan dabba ba. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse, da ita take hira. Ta ƙi zama a wurin jira, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana jan carbi.

Da ta gan ni sanye da koren kaya sai ta ƙura mini ido.

"Kai ba ɗan Sale mahauci ba ne?"

"Ni ne, Inna. Ki kwantar da hankalinki, 'yarki tana hannun gwani."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta.

Likita ya yi wa akuyar allurar kwantar da jiki, ya ce mini, "Yalla, maza ka kwantar da ita a gefen dama, hagu ya kalli sama, ka aske wurin. Ina zuwa." Ya shiga wanke hannu.

To, a nan ne abin ya lalace. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce gabana faɗuwa yake yi. Ga Abdullahi ya jingina da bango yana kallo, ga idon Inna a kaina, ga akuya tana ta mutsu-mutsu, allurar ba ta gama kama ta ba. Kaina ya ɗauke ɗif, hannuwana suka ci gaba da aikin da suka sani. Na ɗaga ta cak, na kayar da ita a gefen hagu. Na ja teburin na juya shi har sai da wuyanta ya kalli Harami, wato alƙibla. Na haɗa ƙafafu uku na ɗaure tamau, na bar ɗaya ta shure-shure (duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san dalili). Sannan na danne kafaɗa da gwiwata, na kama haɓa na miƙar da wuya.

Daidai nan Likita ya fito, hannuwansa sama, ya ɗauki 'yar wuƙar tiyata daga faranti. Ina ganin ƙyallin ƙarfe sai bakina ya buɗe da kansa, da irin muryar da ake ɗagawa a mayanka don ta fi kukan raguna:

"Bismillahi, Allahu Akbar!"

Inna ta ƙwala ihu, carbinta ya tsinke, duwatsun suka watse a ƙasa.

"Wayyo ni Hauwa! Jama'a ku kawo ɗauki! Magani na kawo ta, ba layya ba! Ai na faɗa, ɗan Sale ne!"

Masu jira suka taso, har da wani Balarabe rungume da kyanwarsa yana tambayar me ya faru. Abdullahi ya sulale ƙasa, dariya ta hana shi numfashi. Ni kuwa ina nan riƙe da haɓar akuya, na kasa saki, na kasa ɗaga kai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Likita bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye wuƙar a hankali, ya dubi ɗaurin ƙafafun, ya ce, "Masha Allah, aiki ya yi kyau. Sai dai mu a nan, ya akhi, in mun buɗe muna rufewa. Khalas, ya isa, kwance ta. Abdullahi, wanke hannu."

Abdullahi ya tsaya aka yi aikin, yana lura da numfashin akuyar kamar ransa ne a ciki. Ni aka ba ni tsintsiya na tattara wa Inna duwatsun carbinta. Akuya ta tashi lafiya, gurbi ya zama nasa.

Ina ɓangaren magani yanzu, kuma abin mamaki, ina jin daɗinsa. Na gane cewa jinin da na yi ta alfahari da shi duk na waɗanda ba za su tashi ba ne. Saboda haka kafin ka bugi ƙirji ka ce ka ƙware, ka fara tambayar kanka ina waɗanda suka bi ta hannunka suka ƙare. Nawa dai duk a tukunya.