Gawa a Kan Katifar Alhaji

Har in tsufa ba zan manta da ranar da na mutu a gaban mutanen Gusau ba, kuma ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni malamin makaranta ne a Bungudu, muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wata shida na kwashe ina rubuta wasa a kan wani manomi da ciwo ya kwantar, ya rasa kuɗin asibiti har ya cika a kan tsohuwar tabarma. Ni na rubuta, ni kuma zan fito a manomin (ba son kai ba ne, duk cikinmu babu wanda ya kai ni iya nishi). Malama Rabi, ma'ajinmu, ita ce matata a wasan.

Da aka zo kama zaure a Gusau, asusunmu ko na hayar kujeru babu. Rabi ta samo wani Alhaji mai shagon katifu a Tsafe. Ya ce ya ɗauki nauyin komai, amma da sharaɗi: a kan katifarsa manomin zai mutu.

Na ce, "Alhaji, talaka ne fa. Rashi ne zai kashe shi."

Ya ce, "To Malam, mi ya hana talaka kwana bisa katifa?"

Na fice a fusace. Rabi ta biyo ni. "Malam, da tabarmar taka za ka sallami mai janareta?" Na haɗiye fushina na amince.

Ranar wasa sai ga katifa sabuwa fil, mai inci goma, a cikin ledarta (wai shago za a mai da ita). Na hau. Ko yaya na motsa sai leda ta yi ƙara, lasifika ta ɗauka. Na daure na yi wasiyya, na mutu mutuwa mai kyau. Zaure ya yi tsit. Rabi ta ɗora hannu a ka. "Wayyo maigida! Ba mu da abin sayarwa mu kai ka asibiti!"

Sai wani tsoho daga can baya ya ɗaga murya: "Baiwar Allah, ku saida katifag ga mana!"

Dariya ta ɓarke. Maimakon Alhaji ya ji kunya, sai ya miƙe yana gyara babbar riga. "Jama'a, akwai irinta a shago, kuma akwai ragi!"

Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Na nuna shi da yatsa. "Alhaji, ka ji tsoron Allah! Mutuwa fa nake yi!"

Sannan na tuna ni gawa ce. Na koma na kwanta, don wasan da saura. Haka Rabi ta ƙarasa kukanta kafaɗunta na rawa, ni kuwa na san ba kuka ba ne.

Na dai koyi darasi: wanda ya biya maka zaure shi ke zaɓa maka makwanci. Yanzu kafin in karɓi tallafi sai na tambayi abin da mutum ke sayarwa. Bana wani mai shagon firji ya yi mana tayi, na ce a kai kasuwa.