Rasuwar Agogon Khalilu Mai Injin Niƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yanzu bai sauka ba, Malam Khalilu mai injin niƙa na bayan kasuwar Kontagora yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da duk masu kawo masa niƙa rasuwar agogonsa na zamani, baƙi mai fuskar gilashi, wanda aka fi sani da Ɗan Aike. Ya cika ranar Litinin da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan wata goma sha huɗu yana hidima.

Wanda bai taɓa yini a ɗakin injin ba, ba zai san girman wannan rashi ba. In injin ya tashi, ko ganga aka buga a kunnen Khalilu ba ya ji, balle ƙarar waya. Wayoyinsa biyu kuwa kullum suna ƙulle cikin leda a akwati saboda ƙurar gari. Marigayin ne kunnensa. Kira na shigowa zai yi girr-girr a wuyan hannu, ya nuna sunan mai nema, Khalilu ya kashe injin ya amsa. Bai taɓa ƙorafin dusa ko zufa ba. Yana da kyautata zato, domin girgizar injin ma a cikin taku yake lissafa ta, ya sha yi wa maigidansa tin-tin na murnar tafiyar kilomita goma alhali mutumin yana tsaye wuri ɗaya tun safe.

Sai dai gaskiya ba ta barin mamaci. Marigayin yana da taurin kai guda ɗaya: waya ɗaya yake sauraro. In an haɗa shi da babbar waya ta masu niƙa, sai ya yi kamar bai taɓa sanin tsohuwar ba, wadda ke ɗauke da layin gida. In an mayar da shi kan tsohuwar, sai ya nemi a goge masa komai a faro daga farko. Babbar wayar kuma layi biyu ne a cikinta, babu wurin na uku. Khalilu ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya kashe ya kunna har yatsansa ya gaji. Daga ƙarshe ya haƙura ya bar shi a kan wayar kasuwa, yana cewa ai mutanen gida sun san ƙofar shago.

Ya manta da mutum ɗaya. Inna, mahaifiyarsa, tana Zugurma, ba ta da waya, kuma lamba ɗaya ta haddace a duniya, wato tsohon layin. Ta aiko cewa za ta zo Alhamis ta ga jaririyar da Salihatu matarsa ta haifa, a sabon gidan da suka koma wanda ba ta sani ba. Sai ta samu mota ranar Laraba ta taho. Ta sauka tasha da hantsi, ta ari wayar direba ta kira. Sau bakwai ta kira. Tsohuwar waya tana ta kuka a cikin leda, injin yana ruri, marigayin kuwa bai ko motsa ba, sai dai ya kawo labarin wata mai neman a ajiye mata layin niƙan wake. Inna ba mai yawon tambayar gidan ɗanta a bakin baƙi ba ce. Ta zauna kan benci har la'asar, ta bar kaza da ƙullin daddawa a hannun ɗan kamasho, ta ce a gaya wa Khalilu ta zo ta ga gari, ta hau motar komawa.

Daga nan jinya ta fara. Khalilu ya rantse sai agogon ya ji wayoyin biyu ko ta halin ƙaƙa. Moses mai gyaran waya ya duba ya ce haka aka ƙera shi, a bar shi. Khalilu bai ji ba, ya wuce wurin wani mai gyara da ya bugi ƙirji cewa zai sauya masa ƙwaƙwalwa. An sauya. Tun daga ranar marigayin bai sake gane kowa ba: ya haska, ya yi girr, ya mutu, ya sake haskawa, kwana huɗu a haka, har ya yi shiru. Abin da ya fi ci wa Khalilu rai shi ne, sai bayan an dawo da gawa Salihatu ta tambaye shi me ya hana tun farko a karkatar da kiran tsohon layin zuwa babbar waya, aikin da ba ya cin minti biyu. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su maimaita tambayar.

Marigayin ya bar cajarsa wadda ba ta shiga komai sai shi, da madaurin roba, da wayoyi biyu, da wani farin zane a wuyan hannun maigidansa inda rana ba ta taɓa ba.

Za a mayar da shi kwalinsa a ajiye a ƙasan akwati ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu hatsi a shago su zo su kwashe kafin magariba, domin injin ba zai tashi ranar Asabar ba. Khalilu zai kama hanyar Zugurma da Salihatu da jaririya a goye. Sau uku ya buga wayar maƙwabcin Inna a kira masa ita, sau uku tana cewa a gaya masa tana aiki, ba ta ji.