Ranar da Na Rantse a Kan Baƙi da Fari

Na ɗauki kwamfutata daga Kankiya zuwa Kusada, ina taƙamar zan dawo wa abokaina da wasan ƙwallo na bidiyo da muke bugawa a gidan gem muna yara. Manhajar wasan ta ce in zaɓi tsarin hoto, na Turai ko na Amurka. Na danna na Amurka, don a ganina kayan Amurka ba wasa ba.

Muka jona da tsohuwar talabijin ta Lawal, mai masaukinmu. Hoto ya fito baƙi da fari.

"Wallahi haka yake tun asali," na ce.

Lawal ya ce, "Malam, ni dai na tuna koriyar riga."

Allah ya kawo maƙwabcinsa Oga Sunday, mai gyaran rediyo. Ya raɗa mini cewa talabijin ɗinmu tsarin Turai take ɗauka. Ya canza, kala ta dawo, ya ce wa jama'a waya ce ta saki.

Allah ya saka masa da alheri, ya rufa mini asiri. Rantsuwar ce ba ta rufu ba. Har yau ko hoton suna aka ɗauka, sai Lawal ya miƙo mini waya: "Injiniya, da kala, ko haka yake tun asali?"