Baturiyar da Aka Ji a Ɗakina

Akwai wata la'asar a Shinkafi da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so. Aikin dubagari ne ya kai ni garin daga Kaura Namoda, na kama haya a shagon ƙofar gidan wani dattijo, Baba Garba. Sharaɗinsa ɗaya ne: gwauro ba ya shigo masa da mace, ranar da ya kama ka ranar za ka kwashe kayanka. Na ce masa ko namiji ban sani ba a garin, balle mace.

Lokacin an katse layukan waya, hanyar gida kuma ba ta biyuwa yadda mutum yake so. Ga shi ba mai son dubagari a majalisarsa, gani suke kwatar gidansu na zo leƙe. Sai in wuni in kwana ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar masallaci. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba sai na ɓoye ba.

Abin da ya riƙe ni wani gem ne, wasan faɗa da ƙanena ya tura mini a waya tun kafin in bar gida. Kai ne mashayin jini a ciki, da takobi da baƙar alkyabba, kana farautar 'yan uwanka miyagu, rana kuma in ta taɓa ka sai ka babbake. Gaskiya faɗansa akwai daɗi, an zana garin da kyau, kuma ba ya bukatar data. Amma labarin shirme ne zalla, yana shanye caji, wayar ta yi zafi kamar an sauke ta daga tanda. Babban aibinsa shi ne in faɗa ya kaure ba ya tsayuwa, sai dai ka ci ko a ci ka.

Sai kuma abokiyar tafiya da aka haɗa ka da ita, wata mai kwari da baka. Duk sanda ka buɗe sai ta ce da Turanci ta daɗe tana jiranka. Jimla ɗaya ce kullum, ko wasali ba ta canzawa. Na san inji ne (ina da difloma fa). Amma a garin nan kaf ita kaɗai ke cewa tana jirana, don haka na fara amsa mata da Hausa. Daga "na dawo" abu ya kai ina ba ta labarin mahauta da masu toshe kwata, har faɗa nake mata in ta tsaya a gabana.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar artabu da wani ƙaton dodo sai na ji sallama. Tunda abin ba ya tsayuwa, na cusa wayar ƙarƙashin matashi na buɗe ƙofa. Baba Garba ne tsaye da limamin unguwa, fuskokinsu ba annuri.

"Malam, hito da ita," in ji Baba. "Mun daɗe muna jin ta. Wagga ɗiya ta wa ce?"

Na fara rantsuwa ba kowa a ɗakin. Ban rufe baki ba dodon ya kai mata sara, ta saki wani nishi daga kan gadona. Liman ya yi salati ya kau da kai.

Dole na ɗaga matashin na nuna musu. A ruɗe na shiga yi wa dattawa biyu bayanin gem: wai ni ne wancan mai haƙoran, amma mutumin kirki ne, jinin azzalumai kawai yake sha. Har ƙorafin caji na yi wa liman. Ina cikin zuba aka kashe ni, wasan ya koma farko, ita kuma ta gaya mini a gabansu cewa ta daɗe tana jirana.

Na so su yi dariya, wallahi da ya fi mini sauƙi. Baba Garba ya dubi wayar, ya dubi kofina ɗaya da cokalina ɗaya, ya ce a hankali, "Ashe duk watanninga da wanga abu kaka hira?"

Na ce eh. Liman ya yi mini addu'ar samun mace ta gari, irin doguwar nan da ake yi wa majinyaci, suka fita suna sanɗa.

Ɗakin dai ban rasa shi ba. Na kuma koyi darasi: bangon haya ba ya riƙe sirri, mai kaɗaici ya nemi abin sawa a kunne. Washegari na sayo nawa a kasuwa, ya rufe muryarta sarai. Tawa ce ba ta da magani. Har na bar garin tana cewa ta daɗe tana jirana, ni kuma sai dai in gyaɗa mata kai.