Yadda Za Ka Hana Amininka Albarushinka Na Ƙarshe

Kamfanin da ke yi mana baƙin albarushi ya rufe, ma'aikata sun watse, kantuna sun yi wayam. Kai mai bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ka san ba ta cin komai sai shi. Idan kana da sauran gwangwani ɗaya a gida, to yanzu ba ka da maƙiya kamar abokanka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙwaya ɗaya ba mai gani. Ba da ka nake magana ba, a wurin kawuna na koya, wanda 'yan ƙungiyar harbi ke kira Kanne, saboda ko shayi zai zuba sai ya runtse ido ɗaya.

1. Ka fi kowa kuka

Ranar da labari ya iso filin harbi, kada ka yi shiru, mai shiru ake zargi. Kawu zama ya yi daɓas a kan benci, ya dafe kai.

"Shi ke nan, an kashe mu! Jiya-jiyan nan na kakkaɓe gwangwanina."

Har ruwa aka ba shi. Alhali gwangwanin na gida cike fal, ko murfinsa ba a taɓa buɗewa ba.

2. Daina harbi gaba ɗaya

Na san za ka ce to mene ne amfanin albarushin? Tambayar yara ke nan. Masana sun tabbatar cewa albarushin da aka harba hayaƙi ne kawai, wanda ba a harba ba shi ne dukiya. Wanke bindigar, shafa mata mai, rataye ta a falo. Ka riƙa zuwa fili kana ba da labarin harbin da ka yi a da. Za ka lura tun da ka daina harbi ba ka ƙara yin kuskure ba.

3. Ɓoye shi inda maharbi ba zai duba ba

Abokanka sun san saman kabad, sun san ƙarƙashin gado, nan suke ajiye nasu. Kawu sai ya cusa nasa a kicin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan bokitin goge ƙasa, inda ba maharbin kirki da zai yi tunanin leƙawa.

"Malam, famfon nan fa yana ɗiga," in ji matarsa.

"Bar shi ya ɗiga, shi ne maigadina."

"To, Allah ya ba da sa'ar gadi."

Idan matarka ta yi maka irin wannan addu'ar, ka ce amin ka wuce.

4. Taurare zuciya, amini na tafe

Sauran 'yan ƙungiya ba su da wahala, tsaki ɗaya ya ishe su. Haɗarin yana wurin amini. Na Kawu shi ne Mai Walda. Tun suna samari suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a gaban allon harbi ɗaya, kowa na rantsuwa ramin tsakiya nasa ne. Yanzu hasken walda ya ci idonsa, zai rufe shago ya koma wurin 'yarsa a wani gari mai nisa, inda ba fili, ba ƙungiya.

"Mutumina," ya ce wa Kawu, "ko cokali ɗaya ba ka da shi? So nake in ji ta yi tsawa sau ɗaya kafin in tafi."

"Wallahi da ina da shi..."

Lura da gwaninta: Kawu bai ƙarasa rantsuwar ba, sai ya ɓige da tari. Koyi wannan tarin, zai yi maka rana.

5. Kada ka taya shi haɗa kaya

Nan Kawu ya ba ni kunya. Ya tafi shagon wai zai kama masa ɗaukar akwatuna. Sai ya tarar da Mai Walda ya naɗe bindigarsa cikin tsohon bargo, yana lalubar bakin igiya ya kasa gani. Kawu ya ɗaure masa, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya zauna yana kallon ƙofar kicin, tausayi da rowa suna kokawa a cikinsa.

Kai dai ka aika gaisuwa ta waya.

6. Idan ka karaya, ka karaya da wuri

Da safen ranar tafiya Kawu ya kinkimo gwangwanin, ya ja amininsa zuwa fili.

"Ashe akwai ɗan saura," ya ce, yana kallon gefe.

Gindin gwangwanin duk tsatsa. Da ya ɓalle murfi, abin da ke ciki ya dunƙule ya zama baƙar laka, maigadi ya yi aikinsa. Duk da haka Kawu ya ƙwaƙulo da cokali, ya ɗura, ya danna da sanda, ya runtse ido, ya ja kunama. Bindigar ta ce fus, kamar an buɗe lemon kwalba.

Mai Walda ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya zura hannu cikin bargonsa ya zaro gwangwani sabo fil, busasshe.

"Kai! Kana da shi kake roƙona?"

"To in ƙona nawa alhali na san kana da naka? Tarin nan naka, ai tun muna samari na san shi."

Suka ɗura bindigogin biyu. Kawu ya kama kafaɗar amininsa ya juya shi saitin allo, don ba ya hango shi. Suka harba tare, fili ya amsa, hayaƙi ya turnuƙe su. Ko gefen allon ba wanda ya taɓa, amma har bakin mota suna gardamar wa ya fi kusa. Mai Walda ya miƙo sauran gwangwanin ta taga.

"Riƙe, mutumina. Amma ban da kicin."

Gargaɗi

Ba ruwana da duk abin da ya biyo baya. Idan albarushinka ya jiƙe, tuhumi famfonka. Idan kuma ka bi matakan nan daidai, ba kamar Kawu ba, za ka tsira da gwangwaninka cike. Sai dai ka nemi wanda zai tsaya gefenka ya rantse ramin tsakiya nasa ne, don wannan kam ban san kamfanin da ke yin sa ba.