Wasiƙar da Ba Ta Gaida Kowa Ba

Yau da sassafe na ɗauki bokiti na nufi famfon lungunmu na Kusfa. Na murɗa kansa, ya yi mini tari irin na tsohon da ya shekara arba'in yana zuƙar taba, ya huro iska, ya yi shiru. Na sake murɗawa, ko tarin bai ƙara ba. Iya Adama mai koko tana zaune gefe tana kallona, ta ce, "Malam, ka gaishe shi kuwa? Ai famfon manya ne."

Tunda wanka ya gagara, bari in zauna da dauɗata in ba ku labarin yadda muka sami ruwa na kwana tara, da yadda ladabin maƙwabcina ya kashe mana shi.

Maƙwabcin nan nawa sunansa Malam Idi Bahago. Ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, a zauren da mahaifinsa ya bar masa, kuma shekarunsa hamsin da biyar bai taɓa yin faɗa da kowa ba. Abin da ya hana shi sakat a duniya shi ne takwarorinsa guda biyu. Na farko mai tsaron gida ne na wata ƙungiyar ƙwallo, wanda muke jin sunansa a rediyo kowace Asabar, galibi a daidai lokacin da yake ɗauko ƙwallo daga cikin raga. Ranar da aka ɗura masa biyar, Malam Idi bai iya ratsa kasuwa ba, kowa sai ya ce, "Haba Malam, har biyar?" Shi kuwa ko filin ƙwallo bai taɓa leƙawa ba.

Takwara na biyu shi ne babban. Alhaji Idi Bahago, Allah ya ƙara masa tumbi, ɗan kwangila ne, kuma babu kwamitin da ake kafawa a lardin nan ba a ajiye masa kujera ba. Da aka buɗe fagen siyasa bara ya fito takara, ya yi alkawarin cewa kowane gida a birni zai sami famfo biyu, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi. Mun tafa masa sosai. Shi da Malam Idi ba dangin iya ba na baba, kuma ban yi zaton motarsa za ta iya shiga lungunmu ba ko da ya so.

Famfonmu ya mutu tun shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, yau shekara bakwai ke nan. Tun daga lokacin, kullum da safe Malam Idi yake ɗaura garwa biyu a kekensa ya je Ƙofar Kuyambana ya bi layi, ya turo keken ya dawo. Sai hantsi ya yi kafin hannunsa ya daina rawa ya iya zura zare a allura. Wasiƙa shida muka aika wa ofishin da ke kula da famfo, wanda ba zan kira sunansa ba saboda ina da iyali. Kowace wasiƙa mun cika ta da tarbiyya: ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da gajiya, da haƙuri da mu. Sai can ƙasan shafi na biyu muke ambaton famfo a kunyace, mu sa hannu da "talakawanka na Kusfa". Duka shidan suna nan lafiya a teburin mai girma Galadiman Fayil, an ce yana ɗora kofin shayinsa a kansu.

Wasiƙa ta bakwai Malam Idi ya ce a bar masa, shi zai aika. Ya hau keke ya tafi Wusasa wurin abokinsa Malam Walter, tsohon malamin makaranta mai tafireta, don a buga ta da kyau. Malam Walter ya danna harafi biyu uku, ya duba, ya girgiza kai.

"Malam Idi, tawadar nan ta kusa bushewa, sabuwa kuma babu a gari. Layi biyu kawai za ta iya. Zaɓi ɗaya, gaisuwa ko famfo."

Malam Idi ya daɗe yana tunani, don a wurinsa rubuta wa babba wasiƙa ba gaisuwa kamar shiga gidan mutane ne ba sallama. A ƙarshe ya tuna da garwa, ya ce famfo. Abin da aka buga ke nan: "A gyara famfon Kusfa cikin makon nan. Idi Bahago."

Abin da ya faru a ofis, Jalo masinja ne ya ba mu labari, don a wurin Iya Adama yake karyawa. Ya ce da Galadiman Fayil ya buɗe ambulan, sai ya miƙe tsaye ya gyara hularsa. Ya kira mataimakinsa, Ciroman Dawo-Gobe, suka juya takardar gaba da baya suna neman gaisuwa, babu.

"Ko wani ne mai irin sunan?" in ji Ciroma.

"Kai ma dai," in ji Galadima. "Shekarata ashirin a kujerar nan. Talaka ba ya rubuta layi biyu. Wanda bai gaishe ka ba, ya fi ka ne."

Kwana uku tsakani sai ga babbar mota a bakin lungu, cike da lebura da bututu. Mu da aka gaya wa shekara bakwai cewa bututun yana cikin jirgin ruwa, muka gan shi sabo fil, ashe a bayan ofis jirgin ya tsaya. Shugaban leburan ya tambayi gidan Idi Bahago, aka nuna masa zauren ƙasa. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Allahu Akbar, dubi inda Alhaji ya taso. Tawali'u ke nan." Ya sa aka shafe zauren da farar ƙasa. Malam Idi yana ciki yana ɗinki, suka ce masa, "Baba, matsa, za mu gyara wa mai gidan."

Ranar Alhamis ruwa ya zubo. Wallahi na ga dattawa suna tara hannu suna dariya kamar yara. Delu, matar Malam Idi, ta wanke duk abin da ke wankuwa a gidan, har tabarmin da ba su yi dauɗa ba. Shi kuwa ya jingine garwa a bayan ɗaki, ya gama wuyan rigar da ta yi wata biyu a cinyarsa.

Da Jalo ya tona mana asirin abin, na je na sami Malam Idi na ce, "Maƙwabci, don girman Allah ka yi shiru. Kada ka je, kada ka aika, kada ka gode wa kowa."

Ya ce, "A yi mini alheri in goge baki? Ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Kuma ni ban yi ƙarya ba, sunana na sa."

Delu ma ta leƙo daga soro ta ce, "Malam, ka gode wa Allah, Shi ba Ya ruɗewa da suna." Bai ji ba. Rana ta tara ya sayi ƙwaryar goro, ya ɗauki hular da ya ɗinka da hannunsa, ya sa rigar Juma'a ya tafi ofishin godiya.

Ya tuɓe takalmi tun daga baranda. Ya durƙusa gaban teburin Galadima ya zuba gaisuwar nan da tafireta ta hana shi, tun daga lafiya har zuwa haƙuri da mu. Galadima ya karɓi goro, ya gwada hula, ta zauna masa daidai.

"Madalla. Alhaji ne ya aiko ka?"

"Wane Alhaji, ranka ya daɗe?"

"Idi Bahago mana."

"Ai ni ne Idi Bahago."

Jalo ya ce nan take Galadima ya tuɓe hular daga kansa. Kafin Malam Idi ya iso gida da kekensa, an riga an zo an kwance kan famfon an toshe bututun da itace. A yaba wa wanda ya cancanci yabo: ban taɓa ganin aikin hukuma ya yi sauri irin na ranar ba. Goro da hula kuwa an riƙe su a matsayin shaida.

Washegari aka kira shi. Laifinsa, in ji Ciroman Dawo-Gobe, shi ne sojan gona. Malam Idi ya ce shi fa ya girmi Alhaji da shekara goma, kuma akwai dattawa a Kusfa da suka ci naman ragon sunansa. Ciroma ya ce wannan ba hujja ba ce, ofis ba ya aiki da rago. Ya zaro takarda bugaggiya, wadda tawadarta ba ta ƙare ba, shafi biyu cur. A ciki Malam Idi yana neman gafara, kuma yana alkawarin ba zai sake amfani da sunan Idi Bahago ba a duk wata takarda da za ta shigo ofishin. In ya yarda, a mayar da kan famfo. In ya ƙi, a tone bututun gaba ɗaya.

Malam Idi ya bi takardar da kallo. Mahaifinsa bai bar masa komai ba sai zaure da allura da sunan nan. Amma ya tuna da layin Ƙofar Kuyambana, da Iya Adama, da gida goma sha ɗaya da ke lungun. Ya zaro alƙalaminsa daga aljihu, don mutum ne mai rubutu, boko da ajami.

"To, ranka ya daɗe, wane suna zan rubuta a ƙasa?"

Ciroma ya dubi Galadima, Galadima ya dubi fanka. Sai Ciroma ya buɗe durowa, ya turo masa 'yar akwatin tawada.

"Dangwala yatsa kawai. Ya ishi irinku."

Ya dangwala. Na gan shi da ya dawo, ya zauna a zaurensa mai sabuwar farar ƙasa yana goge babban yatsansa da tsumma, don kada tawadar ta ɓata rigar mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba.

Manya dai ba sa saɓa alkawari. Sun mayar da kan famfon, har sun ƙara masa fenti ja. Da muka je tambayar ruwa, aka ce mana cikin fara'a wannan sashen famfo ne, ruwa wani sashe ne daban, sai mu rubuto wasiƙa. Yau da na dawo da bokitina wayam, na ci karo da Malam Idi yana ɗaura garwa a keke.

Saboda haka, in akwai wani babban mutum a ƙasar nan mai irin sunana, ina roƙonsa ya sanar da ni ta hannun edita. Layi biyu kawai zan ara, kuma na yi rantsuwa ba zan zo godiya ba.