Laimar Kwaɗin da Na Noma a Banɗakin Baƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da Allah ya ja kwanana na tsufa tukuf, da Asabar ɗin da mahaifiyata, Inna, ta diro mini Abuja ba sanarwa.

Watana huɗu ke nan ina karɓar maganin cutar daji ta mama, irin wanda ake ɗura wa mutum ta jijiya. Gashina ya zube tas, na rame, bakina ba ya jin ɗanɗanon komai. Mutum biyu ne kawai suka sani: maigidana, da maƙwabciyata Iya Bose, Bayarabiya mai shagon atamfa a kasuwar Wuse, wadda kan rufe shagonta ta kai ni asibiti. Inna kuwa na ɓoye mata, don tana fama da hawan jini. Duk sanda ta kira daga Funtuwa ta ji muryata a shaƙe, sai in ce aikin ofis ne ya yi yawa.

A cikin wannan hali na faɗa noman laimar kwaɗi. Na gani a waya wai akwai irin da ake dafawa a sha don ƙarfin jiki. Na sa aka kawo mini iri, Iya Bose ta ɗauko mini buhun garin katako a motarta, na turara shi, na cusa a ledoji goma sha biyu, na jera a banɗakin baƙi saboda duhu da danshi. (Ni da ko barkono ban taɓa shukawa ya rayu ba.) Likitana ma ban gaya masa ba. In faɗi gaskiya, ba maganin na fi so ba. So nake in ga wani abu yana tsirowa a gidan, a lokacin da komai nawa yake zubewa.

Inna ta sauka a tashar Nyanya, ta ɗauko tasi, sai sallamarta na ji. Maigidan ba ya nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, wannan ramar duk ta aiki ce?" Na ƙara tamke ɗankwalina na ce eh. Da azahar ta ɗauki buta ta nufi banɗakin baƙi, ni kuma sam na sha'afa.

Salatinta na jiyo. Ta fito riƙe da leda ɗaya nesa da jikinta, ledar ta yi fari fat da fumfuna, ga wasu jajayen abubuwa kamar kunnuwa sun ɓullo ta gefe. "Wa ke shigowa gidan nan?" in ji ta. Kafin in haɗa wata ƙaryar, Iya Bose ta buɗe ƙofa da makullinta, riƙe da kular farfesun kifin da ta sayo a Kado.

Inna ta kalli makullin, ta kalli kular, ta kalli ramata, ta gama yanke hukunci. Ta kwaso ledojin nan ta zube a tsakar gida, 'yan haya duk suka firfito, har da maigadi. Ta nuna Iya Bose ta ce, "Baiwar Allah, me 'yata ta tare miki da za ki yi mata sammu?"

Nan ne abin kunyar. Ina tsaye ina kallon ana zargin matar da ke riƙe mini roba in ina amai, don kawai asirina ya rufu. Iya Bose ta juyo ta dube ni, idonta fal hawaye. Ta yi mini alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta faɗa ba. Abin da ta ce kawai, da Hausarta ta kasuwa, "Mama, ka yi haƙuri. Ni ba mugu ba ne. Tambaye shi yarinyanka."

Ban san sanda na fizge ɗankwalin ba. Kaina ya fito tal a gaban jama'a. Na ce, "Inna, ni na shuka su. Ciwon daji gare ni. Wannan matar ita ce ke jinyata."

Inna ta daɗe tana kallon kaina. Ba ta yi kuka ba. Sai ta tako a hankali ta durƙusa gaban Iya Bose, tsohuwa mai shekara saba'in, gwiwa biyu a kan siminti, tana cewa, "'Yar nan, yafe mini domin Allah." Iya Bose ita ma ta zube ƙasa tana "Haba Mama, haba Mama." Duk azabar da na sha a asibiti ba ta kai mini zafin ganin gwiwoyin Inna a ƙasa saboda ƙaryata ba.

Da na labarta wa likita, ya dafe kai ya ce jikina ba shi da garkuwar zama da fumfuna a gida, in rabu da ledojin. Na rabu da su, ko kofi ɗaya ban sha ba.

Abin da na koya shi ne, in ka ɓoye wa uwa gaskiya, ba zama za ta yi ta naɗe hannu ba. Da kanta za ta nemo mai laifi, kuma wanda ya fi kowa tsaya maka shi za ta fara kamawa.